Mun Je Gaida Habibu, Muka Gaida Katanga

Kano zuwa Jidda

Tun kafin kiran assalatu na bar gida da niyyar umara. Jirgin da aka ce na safe ne, sai bayan azahar ya ga damar tashi. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya tarye ni a Jidda da tsohuwar motarsa. A Karantina ya tsufa, da aka rushe unguwar ya koma ɗaki biyu a Waziriyya. Nan na sauka, kullum karin kumallo wake da gurasa.

Da na gama umara ya ce, "Gobe za ka raka ni tarhil."

Na ce me na yi, don tarhil nan ne ake tara waɗanda za a kora ƙasashensu. Ya ce in kwantar da hankali, Habibu za mu gaida. Habibu ɗan Rohingya ne, waɗanda a can ake ce wa Barmawi. Iyayensa sun gudo daga Burma, aka haife shi a Karantina, katanga ɗaya da gidan Kawu, ya tashi da Hausa a baki kamar ɗan Fagge. Fasfon Bangladesh da mahaifinsa ya samo masa ya mutu, iƙama, wato takardar izinin zama, ta bi shi. A shagon ɗinkinsa aka kama shi, azumi uku ke nan yana ciki.

Nuzla zuwa hanyar Makka

Da hantsi muka biya unguwar Nuzla muka ɗauki matarsa Rahima, da kular shinkafa da kifi. A shingen bincike askari ya duba fasfona ya ce, "Yalla." Rediyo na ta Larabci, Kawu na fassara mini.

"Ministocin Saudiyya da Bangladesh ne suka gana. Wai zumuncinsu ya fi zuma. Batun su Habibu kuma an kafa kwamiti."

Rahima, da ke kiran Kawu Ammi a Larabce, ta ce daga kujerar baya, "Ammi Sale, tun ina goyon autata ake kafa kwamitin nan. Yanzu ita ke dafa mana shayi."

Bakin ƙofa

Mai gadi ya ce yau babu ziyara, abinci ma ba ya shiga. Gobe fa? Ya ce in sha Allah. Muka koma inuwar mota, Kawu ya kira wata waya da 'yan ɗakin su Habibu suke ɓoyewa, ya buɗe murya. Muna kallon katanga muka gaisa da Habibu.

"Ammi, na amsa," in ji shi. "Na ce ni ɗan Bangladesh ne, su kai ni ko ina."

Rahima ta dafe ƙirji. Ba ta san ya yanke wannan shawarar ba.

"Kada ki damu," in ji Habibu, "ba su karɓe ni ba. Jami'insu ya yi mini yarensu, ko kalma ban gane ba. Da ya ji ina hira da 'yan Najeriya, ya rantse ni ɗan Afirka ne. Halas, shi ke nan. Nan sun ce ni na Bangladesh ne, can sun ce na Burma, Burma kuma ta ce ba ta san irinmu ba."

Kawu ya ce masa ga ɗan 'yar'uwarsa nan daga Kano. Habibu ya yi mini barka da umara, ya ce, "Mutanenku ba sa daɗewa a nan. Suna kuka za a kai su gida, ni nake ba su haƙuri. Ɗan'uwa, ƙasarku ba ta karɓar ƙari?"

Na ce zan tambaya.

Ya yi dariya. "Kai ma ka kafa kwamiti!"

Rahima ta karɓi wayar ta matsa gefe, ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa. A wani gidan mai muka buɗe kular, ni da Kawu muka ci abincin Habibu. Ita ko loma ba ta kai ba.

Gida

A filin jirgin Kano jami'i ya buga mini hatimi ko fuskata bai kalla ba, ya ce, "Alhaji, me ka kawo mana?" Da can tambayar nan tana ɓata mini rai. A ranar kuwa, dabino na cika masa hannu, har da addu'a.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu Sale da hidimarsa. Ya kira ni bayan sallah ya ce Habibu ya samu ci gaba, an mayar da shi ɗaki mai taga. Ya ce Habibu yana gaishe ni, yana jiran amsa.