Ranar da Na Riƙe Amshi

Mu biyar ne muka fara, kuma ni ne mai bayarwa, wato mai jan waƙar. Na faɗi wannan tun da wuri, domin yau idan ka je ƙauyenmu a ƙasar Dawakin Tofa ka tambayi tarihin mutanen nan da ke waƙa ba kiɗa, daga kan Babarbare za a faro maka, kamar kafin zuwansa bebaye ne mu.

Asalin abin gayya ce. Muna samari, idan an kira gayyar noma, makaɗi yana gaba da gangarsa, ni ina jan waƙa, sauran suna amsawa da fartanya a hannu. Sai fari ya zo. Gyaɗa ta mutu a ƙasa, gero ya tsaya iya gwiwa. Wa zai kira gayya alhali ba shi da abin da zai dama wa mutane? Makaɗin ya rataye gangar a zauren gidansu ya tafi ci-rani Kudu, ɓeraye suka cinye fatar. Mu kuwa baki ya riga ya saba. Bayan la'asar sai mu zauna a gindin ɗorawa mu yi waƙar haka nan. Ɗan baffana mai ƙaton maƙogwaro ya shiga yin gangar da bakinsa, wasa-wasa har ta zama muryar ƙasa da muke tsayawa a kanta.

Limaminmu ne ya ce tunda ba ganga, me zai hana mu koma bege. Ya ba mu baituka, muka ɗora su a kan karin da muka taso da shi a makarantar allo. Daga wurin mata muka ɗauki ƙa'idar aikinmu. Ka lura da lugude: kafin taɓarya ɗaya ta gama tashi, ɗayar ta sauka, turmi ba ya zama shiru. Haka amshi yake a wurinmu. Kafin numfashin mai bayarwa ya ƙare, 'yan amshi sun cafe. A bar mutum ya kai ƙarshen baiti shi kaɗai muryarsa ta mutu a fili, wannan kunya ce babba. Ni kuma na kawo abin da na iya, wato kiran kasuwa. Ina awon hatsi da dillanci tun ina ƙarami, na san yadda ake jefa murya ta tsallake rumfa goma.

A shekarun nan mutane ba su da halin kiran makaɗa. Idan an yi suna ko saukar karatu, mu ake nema, a ba mu ƙwaryar fura mu sha mu tashi. Wahalar ce ta yi mana suna.

Babarbare ni na kawo shi, da ƙafata. Kakansa ne ya zo daga Barno ya zauna a nan, shi kuma yana sayar da kanwa kusa da ni a kasuwar Tsanyawa. Ɗaya daga cikinmu ya bi 'yan ci-rani, muka rasa mutum, ni kuma na sha jin Babarbaren yana rera wani abu ƙasa-ƙasa yana fasa kanwa. Muryarsa siririya ce, tana da wata 'yar rawa a ƙarshe.

Na ce masa, "Ka zo ka riƙa yi mana amshi. Fura ce dai, ba ta fi haka ba."

Ya ce, "Dillali, kai ka taɓa ba da abu kyauta? Faɗa mini abin da ke ciki."

Ban san ni zan yi asara a cinikin ba.

Kafin damina ta zagayo, liman ya ce a ba shi baiti ɗaya ya ja. Daga ɗaya ya zama uku. Mata suka fara aikowa daga cikin gida a ce wa mai siririyar muryar nan ya maimaita. Wata safiya na iske matata tana tankaɗe tana bin karinsa, har da rawar muryar. Na tsaya a bakin ƙofa. Shekara nawa tana jin nawa, ban taɓa jin ta bi ba.

Na ce, "Wannan kuma waƙar wa?"

Ta ce, "Taku ce mana."

Ba tamu ba ce, tashi ce. Ranar ban ci tuwon kirki ba.

A ƙarshe liman ya raba aiki. Babarbare ya ja, ni in shugabanci amshi, wai saboda muryata ta fi ƙarfi. Na san irin wannan magana, da ita nake lallaɓa manomi idan zan rage masa farashi. Shugaban amshi shi ake kallo. Sauran ukun idonsu yana kan kafaɗata, idan na sauke ta su faɗa, idan ban sauke ba babu mai buɗe baki.

Aka yi walimar saukar karatu a ƙofar gidan liman, da yamma, mutane sun cika tabarmi har bakin danga. Tun a hanya na ji wasu dattawa suna cewa, "Yau za mu ji ɗan Barnon nan." Ko mutum ɗaya bai ambace ni ba. Muka jeru, ya fara ja, baiti na farko da na biyu na cafe masa daidai. A na uku na ga yadda fuskoki suka koma kansa gaba ɗaya, sai na ce a raina bari su ji yadda yake idan ba mu. Ya kai ƙarshen baitin, ya ja kalmar ƙarshe yana jiran mu. Na bar kafaɗata a sama.

Ina jira muryar ta tsinke ne a yi tsit, a gane wa ke riƙe da wa. Ba ta tsinke ba. Ya riƙe ta, ya hau da ita, ta yi rawar nan tata, ya sauko, ya sake hawa. Jijiyoyin wuyansa suka fito. Ni na saba auna lokaci da mudu, a raina na zuba mudu bakwai a buhu yana nan bai saki ba. Ɗan baffana ya taka mini ƙafa, na yi kamar ban ji ba. Da ya ga mutum zai faɗi, sai ya karya ƙa'ida ya shigo da muryar ƙasa, dole muka bi shi gaba ɗaya.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Maza suka ɗauki salati. Liman yana share ido da hannun riga.

Da aka tashi ya kira mu. "Wa ya koya muku wannan jan?"

Babarbare yana haki har lokacin. Ya dube ni, ya dubi liman, ya ce, "Kakata ce take yin haka, Malam, idan tana kaɗin auduga."

Ya rufa mini asiri, ya kuma tafi da abin gaba ɗaya. Daga ranar, duk inda muka je sai an nemi dogon jan nan na Barno. Kuma ni ne zan riƙe masa amshin. Kafin a fara sai liman ya ce, "Dillali, ka riƙe kamar na rannan." Shekara tara ina tsaye da kafaɗa a sama ina gina wa wani suna da muguntata. Da ruwa ya dawo, harkar hatsi ta buɗe mini, na kama shago a Bacirawa na bar su. Na gina gida, na je Makka sau biyu. Shi har yau kanwa yake sayarwa. Duk da haka idan na ji kaset ɗinsu a motar haya, sai in ce wa direba ya rage.

Bara wata malama ta zo daga birni tana tattara tarihin waƙoƙin ƙauye. Aka aiko mini a matsayin wanda aka fara da shi. Muka zauna a zauren Babarbare da hantsi, mu uku da muka rage. Na ba ta labarin gayya da lugude da karin allo, ta rubuta. Da ta zo kan dogon ja, Babarbare ya ce na kakarsa ne, ta rubuta da sauri, har da jinjina kai. Sai ta roƙi mu yi mata baiti ɗaya.

Muna gyara zama Babarbare ya matso kusa da ni. "Alhaji, yau kada ka riƙe ni. Ƙirjin ya tafi."

Na ce, "Dā ma ka sani?"

"Ina kallon kafaɗarka fa. Kamar an kafa ta da ƙusa."

"To me ya sa ka ce kakarka?"

"Me zan ce wa liman? In ce hassadar dillali ce? Kakar tawa ko atishawa ba ta iya ja ba, Allah ya jiƙanta."

Ɗan baffana ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Malamar ta ɗago ta tambayi abin da aka ce. Bakina ya buɗe. Kalma biyu kawai zan faɗa a gyara littafin, a san jan nan nawa ne. Amma nawa ta wace hanya? Na ce mata zancen tsofaffi ne.

Ya ja baitin. Ko mudu ɗaya ban bari ya cika ba na sauke kafaɗa muka cafe shi. Ɗan guntun da ya ja ɗin ma, da tsufan da komai, ya fi duk abin da na taɓa rerawa daɗi. Malamar ta ce a kaset ya fi haka tsawo. Ya ce mata shekaru ne. A littafinta dai Barno aka rubuta.