Ranar da Hajiya Talatu Ta Hau da Ni Dutse a Sina

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na hau dutse a yankin Sina na ƙasar Masar tare da Hajiya Talatu. Lokacin ina shekarata ta biyu a aikin tafinta, ban kai matsayin mai kula da rukuni ba tukuna. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ofishinmu yana unguwar Madinat Nasr, muna karɓar marasa lafiya da ke zuwa Alƙahira daga Najeriya da Nijar. Tafinta ce ke tarbar mutum a filin jirgi, ta nema masa masauki, ta tsaya tsakaninsa da likita har a sallame shi. Waɗanda suka warware kuma mukan fita da su shan iska kafin su koma gida.

Hajiya Talatu 'yar Kwatarkwashi ce, ta haura sittin, an yi mata aikin gwiwa. Wata huɗu ina kai ta gashin ƙashi. A keken guragu na ɗauko ta daga jirgi, a gabana ta koma sanda, a gabana ta jingine sandar.

Wata Laraba cikin hunturu aka tsara tafiya Sina da mutum bakwai. Mai kula da rukunin ta kwanta mura, sai manajanmu, Ustaz Magdi, ya kira ni.

"Ke za ki kai su, Hajara. Amma kin san ƙa'ida: ba a sauya tsari sai an kira ni. Tamam?"

"Tamam, ya Ustaz."

Karo na farko ke nan da aka damƙa mini rukuni. Daɗi ya hana ni cin abincin rana.

Wuni muka yi a mota, shingen bincike bayan shinge, har muka sauka a wani zango na Badawiyyawa, Larabawan hamada, a tsakiyar duwatsu jajaye. Da safe muna shan shayi, Hajiya ta ƙura wa wani ɗan dutse ido a bayan zangon. Ba wani babba ba ne idan aka gwada shi da na kewaye.

"'Yar nan," ta ce, "wancan zan hau."

Na ce, "Mama, ba ya cikin tsari."

"Shekara goma sha biyu rabona da hawa dutse. A kan dutsen garinmu na yi wayo, a kansa nake kai wa babana fura gona. Ba zan koma gida ban san ko ƙafar nan tawa ce ba."

Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Na buɗe jakata na sake karanta takardar likita: an yarda ta hau bene, ta yi tafiya a tudu, muddin za ta huta. Na tambayi jagoranmu, Ammu Salim, dattijon da aka haifa a wurin. Ya dubi tafiyarta, ya ce hanyar awaki ce, minti arba'in. Na san idan ta zame, aikina ya ƙare, gwiwar da aka sha wahala a kanta ma ta tafi. Duk da haka na ji bakina ya ce, "Yalla, mu je."

Muka kama hanya mu uku, sauran suna ƙasa suna yi mana addu'a. Ammu Salim a gaba, Hajiya a tsakiya, ni a baya na ware hannuwa don in tare ta. Tana taka kowane dutse kamar ta san sunansa. Ta huta sau biyu, tana dariya tana haki.

Da muka kai wani falale mai santsi, na yi kuskuren waiwayawa. Na hango motarmu ta koma kamar akwatin ashana. Ni haifaffiyar Kano ce, ko Dala ban taɓa hawa ba. Na zauna daɓas, na rungume dutse.

Hajiya ta juyo. "Af! Wa aka yi wa aiki, ni ko ke?"

"Mama, ba zan iya ba."

"Cire takalman nan. Sa ƙafa a karkace. Kada ki dubi ƙasa, dubi diddigena."

Ta miƙo mini hannu. Matar da na tura a keke ita ta ja ni, taki ɗaya bayan ɗaya, Ammu Salim yana ta cewa, "Ma sha Allah, ya Hajja!"

Da muka fito ƙololuwa iska ta buge mu. Duwatsu jere har iyakar gani, ja da ruwan ƙasa, ba gida ba hayaƙi. Hajiya ta rangaɗa guɗa, duwatsun suka maido mata, na ƙasa suka amsa da kabbara. Sai ta fuskanci alƙibla ta durƙusa ta yi sujada. Sujadarta ta farko ke nan da goshi a ƙasa cikin shekaru, don a kujera take sallah. Ta ɗago fuska sharkaf da hawaye, ni ma haka.

A nan wayata ta kama sabis, na kira Ustaz Magdi na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ku sauko lafiya tukuna, za mu yi magana."

Mun sauko lafiya. Mun kuma yi maganar: na sha faɗa, na rubuta bayani shafi biyu, kuma ya yi daidai. Da likitan ya ga hoton Hajiya a saman dutsen, sai ya roƙi izininta ya riƙa nuna wa masu tsoron aikin gwiwa.

Abin da nake faɗa wa sababbin tafintoci shi ne, mu a ranar rauninsu muke haɗuwa da mutanen nan, sai mu ɗauka iyakarsu ke nan. Ku riƙe ƙa'ida, ku kira ofis. Amma tun a makon farko ku tambayi mara lafiyarku abin da yake yi kafin ciwo ya kayar da shi, domin can yake son komawa.