Abin da Ake Yi a Bayan Zanan Inna Barakatu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba na 1975, ina cikin aji da alli a hannu, aka aiko mini cewa Inna Barakatu mai tuwon Filin Lilo ta cika da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Kafin a tashi makaranta har an kai ta makwancinta. Allah ne ya ba mu ita, shi ne kuma ya karɓi abinsa, babu mai ja a kan wannan. Abin da nake ja da shi wata magana ce da na ji a wurin zaman makoki, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Inna, kwana uku na yi ina zuwa gidanki, kullum tabarmin da aka shimfiɗa sun fi masu zama yawa. A rana ta uku, ina fitowa ta zaure, wani dattijo mai babbar riga ya shafa addu'a, sannan ya ƙara da cewa Allah ya yafe miki abin da kika yi a bayan zana. Na kusa da shi suka ce amin suna sunkuyar da kai. Fure 'yarki tana tsakar gida, ta ji da kunnenta. Ni kuwa na san mutumin, na kuma san ranar da ya fito daga bayan zanan nan shi da matarsa, yana share miya a gemu. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda ke ba ki faɗa ba. Amma sunana nawa ne: ni ce Salome, malamar firamare, 'yar Dukku, matar Irmiya tsohon soja. Shekara biyar muna cin tuwo a bayan zananki, yau kuma zan faɗi abin da ake yi a can.

Wanda bai san Kontagora ba, Filin Lilo wani fili ne a bakin gari, kusa da kogi, inda ake cika duk Sallah da Kirsimeti da lokacin nunin amfanin gona. Ga lilo na katako yana kuka, ga dambe, ga kalangu, ga lasifika tana neman uwar yaron da ya ɓata, ga maharba suna sakin bindiga don a san sun zo. Wanda ke gefenka sai ka yi masa ihu kafin ya ji. A bakin wannan filin Inna take da rumfar tuwo kamar kowace mai tuwo. Sai dai a bayan rumfar, a gangaren da ke sauka kogi, ta yi ɗakuna uku na zana, kowane bango zana biyu, ta cusa busasshiyar ciyawa a tsakani. Kana shiga, hayaniyar fili sai ta koma kamar ana biki a wata unguwa. Ba ta daka in da mutane a ciki, ba ta yarda da rediyo, ba a shiga da yaro ko suruka ko aboki. Miji da matarsa kaɗai, tabarma ɗaya, kwano ɗaya.

Kowa ya san yadda muke zaune. Maigida na ci a zaure da abokansa, matar tana ci a gindin murhu da yara, gida cike da ƙanne da baƙi. Akwai waɗanda suka haifi 'ya'ya shida ba su taɓa gama magana guda ba tare da wani ya yi sallama ba. Ke, Inna, da kika zo daga Ibeto da mijinki, kika binne shi bayan shekara ashirin da biyu, kin taɓa gaya mini cewa sai a jinyarsa ta ƙarshe kika san yana da ban dariya. Wannan takaicin ne kika gina da zana.

Masu cewa kina haɗa maza da matan banza ba su san yadda kike tsare ƙofarki ba. Kin ce miji da mata na gaskiya ba sa zuwa suna dariya. Mijin yana gaba da taku goma, matar na baya, kowa ya sha mur. In baƙi ne da ba ki sani ba, sai ki tambayi namijin abin da matar ba ta so a miya. In ya amsa nan take, har da ƙarin bayani, sai ki nuna musu hanyar fili, ki ce tuwo ya ƙare. Wanda ya tsaya yana sosa ƙeya, matar tana harararsa, shi kike ɗage wa zana. Na ga kin kori wani akawu mai agogo da wata mai jan baki, ya yi ta faɗin muƙaminsa, ke kuwa kina ta kwasar tuwo ko kallonsa ba ki yi ba.

Ga yadda muka shiga. Irmiya ya dawo daga yaƙi a damina ta 1970, babu rauni a jikinsa, aka yi ta yi mana barka. Amma mutumin da ya dawo ba ya jure ƙara. Murfin tukunya ya faɗi, sai ka ga gumi ya keto masa. Gidansu mutum goma sha huɗu ne, turmi ba ya hutawa. Ya daina magana, ya bar ni da gaisuwar safe. 'Yan'uwansa suka ce iska ce, wasu suka ce giya, ni kuwa na ɗauka ni ce ba ya so. Wata shida muna haka. Na ɗaure kayana a ɓoye, na yanke cewa ana gama Kirsimeti zan kwashi yara mu koma Dukku.

Ranar Kirsimeti wansa ya matsa sai mun kai yara lilo. Muna daidai rumfarki, ko sunanki ban sani ba a lokacin, maharba suka saki bindiga uku a jere. Irmiya ya zube rubda ciki, ya rufe kai da hannu biyu, da fararen kayansa na coci. Mutane suka fara juyowa. Kafin in san abin yi, kin ɗauki ƙwaryar ruwan wanke-wanke kin sheƙa a ƙasa kusa da ƙafarsa, kika shiga salati kina zagin kanki, wai ke tsohuwar banza kin zubar da ruwa a hanya har bawan Allah ya zame. Masu kallo suka yi miki faɗa, suka watse. Kika ce mu zo ya wanke rigarsa, kika kai mu bayan zana.

Kika ajiye mana tuwon dawa da miyar kuɓewa a kwano ɗaya. Na ce miki ba ma ci tare. Kika ce kwanonki sun ƙare, alhali na wuce su a kife sun kai ashirin. Kika saki zana kika tafi. Mun daɗe zaune ba wanda ya sa hannu, ba a jin komai sai ruwan kogi. Can ya gutsuri tuwo, ya tura mini gefen da man shanu ya taru. Sannan ya fara magana. Ya gaya mini abin da ya faru a wata gada, da yadda abokinsa Yohanna ya ƙare, da abin da yake ji duk lokacin da wani abu ya fashe. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya yi kuka, na yi kuka, tuwo ya huce muka cinye shi a haka. Da muka koma gida na kwance kayana, bai ma san na ɗaure su ba sai bara.

Daga ranar ba a yi taro a filin nan ba mu sauka gangarenki ba. Daga baya na gane kin je wurin shugaban maharba da kwanon tuwo, kin roƙe shi ya riƙa ɗaga miki hannu kafin su harba. In ya ɗaga, sai ki buga ludayi a bakin tukunya sau uku, Irmiya ya toshe kunne. Shugaban maharba ya ɗauka ke ce matsoraciya, ya yi ta tsokanarki da shi shekara da shekaru, kika bar shi a haka.

Sai ga shekarar 1973. Magana ta tashi daga bakin rijiya ta kai majalisar dattawa, cewa tsohuwar nan ta Filin Lilo kawaliya ce, in ba haka ba me ya kai namiji da mace bayan zana da rana tsaka. Aka kira ki gaban mai unguwa, jama'a suka taru. Ya ce abu mai sauƙi ne, ki faɗi sunan mutum uku masu mutunci da ke shiga, a tambaye su, magana ta mutu. Ina tsaye cikin mata. Na duba taron, na ga aƙalla mutum tara da na san sun ci a kwanonki, har da mai wa'azi, har da dattijon coci. Idonki ya bi ta kanmu ɗaya bayan ɗaya, ya wuce kamar ba ki taɓa ganinmu ba.

Kika ce, “Ranka ya daɗe, wanda ya shiga wurina ya shiga ne don kada a ji shi. In na faɗe shi yau, me na sayar masa jiya?”

Ba wanda ya buɗe baki, har da ni. Namiji yana jin kunyar a ce ya ci tuwo kwano ɗaya da matarsa, mace tana tsoron a ce ta mallake miji, ni kuma ina tsoron a tambaye ni abin da ya fara kai mu. Ba a rufe miki rumfa ba, don ba a kama ki da komai ba, amma sunan ya manne. Masu sayen tuwo a gaba suka ragu, mata suka daina aiko yara, dangin mijin Fure suka samu abin gori. Masu zuwa bayan zana kuwa ba su fasa ba, sai dai suka koma zagayowa ta bakin kogi.

Na zo miki washegari ina kuka, na ce zan je in faɗa. Kika ce, “Malama, sirrin nan ba naki ba ne, na mijinki ne. Ranar da ya ce ki faɗa, ki faɗa. Yanzu zauna ki yanka mini kuɓewa.” Na zauna na yanka. Gaskiya ita ce na ji daɗin hanin, kuma shekara biyu ban tambaye shi ba. Wannan laifina ne, ina jin kunyarsa har yau, ba kuma zan raba shi da kowa ba.

Ranar da na dawo daga makoki na gaya wa Irmiya abin da dattijon nan ya faɗa, da abin da Fure ta ce mini, cewa za ta cire zanan ta ƙone su ko 'ya'yanta sa huta da gori. Sai ya tashi ya ɗauko mini takarda da kansa.

Ya ce, “Rubuta. Ki sa sunana, ki ce na faɗi ƙasa a gaban jama'a, ki ce na yi kuka. Matar da ta zubar da ruwa don ni, ba za a binne ta da wannan sunan ba.”

To, ga shi na rubuta, mutanen Kontagora. Abin da ake yi a bayan zanan Inna Barakatu ke nan: ana cin tuwo, miji yana jin muryar matarsa. Wanda ya san wani abu ban da wannan, ya fito ya faɗa da sunansa kamar yadda na faɗa da nawa. Ku kuma da kuka ci kuka yi shiru, ba zan tona ku ba, amma kun san kanku, kun kuma san 'ya'yan da ba su tashi da uba da uwa a rabe ba saboda ita. Addu'ar yafiya da kuka yi mata, ku ajiye kaɗan, za ku buƙace ta.

Inna, ni Kirista ce, ke Musulma, ba ki taɓa tambayata wannan ba kafin ki zuba mini miya. Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki na gaskiya, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na bayinsa. Ya yalwata kabarinki, ya sanyaya shi, ya sada ki da mijinki a inda ba mai katse muku hira. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Irmiya ga ɗanki Abdulsalami, da 'yan'uwanki na Ibeto, da jikokinki. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku ɗaga kai in an ambaci sunanta.

Ke kuma Fure, Allah ya ba ki juriya irin tata. Kada ki ƙone zanan. Babbar Sallah saura wata guda, za a cika fili, maharba za su zo. Ki ɗora tukunya a inda ta saba ɗorawa. Ni da Irmiya za mu shigo ta gaba, ta tsakiyar jama'a, da rana tsaka. Ki naɗe zanan ƙofa ki jingine shi gefe yadda duk mai wucewa zai gan mu, ki zuba mana a kwano ɗaya.