Sunayen da Yaya Zainabu Ta Ƙi Rubutawa

Da wannan kakar shekara shida ke nan cif da muka kai yayata Zainabu makwancinta a nan Gadarif ta ƙasar Sudan. Ana tsakar yankan riɗi ta rasu, rabin mazan unguwa suna gonakin Simsim, amma da labari ya iske su haka suka bar damman riɗi a tsaye suka hau bayan manyan motoci suka dawo jana'iza. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan rubuta mata 'yan layuka a wannan fili, in yabe ta, in roƙa mata gafara, masu karatu su ce amin a wuce wurin. Bana hannuna ya yi nauyi. Akwai abin da ta hana ni tun tana raye, na aikata shi bayan ranta, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Wanda bai san unguwarmu ba sai na ɗan koma da shi baya. Kakanninmu daga yamma suka taso a ƙafa da niyyar Makka, wasu har da shanunsu, suka yada zango a nan don su yi noman shekara guda su sami guzuri. Shekara gudar nan ce har yau ba ta ƙare ba. A nan aka haifi iyayenmu, a nan aka haife mu. Wasu gidajen sun bi layin ofisoshi sun sami takardar ɗan ƙasa, wasu kuwa ba su taɓa ganin amfaninta ba, tunda mai gona ba ya tambayar takarda kafin ya miƙa maka lauje.

A cikin wannan unguwa Yaya ta kafa abin da mata ke kira Kwanon Juma'a. Ba ofis, ba hatimi, ba shugaba da mataimakiya. Kowace Juma'a da hantsi, mace ɗaya daga kowane gida za ta ɗauko kwano rufe da faifai, a ɗaure cikin ƙyalle, ta ajiye a ɗakin Yaya. Mai hali ta ciko shi da dawa. Marar hali ta kawo shi wayam. Yaya kaɗai ke shiga ɗakin ta kwance ƙullin, ta juye na wannan a na wancan, ta sake ɗaurewa. Bayan an sauko daga masallaci kowa ta zo ta ɗauki nata. Doka ɗaya ce tak: da mai nauyi da marar nauyi, kowa ta ɗora a ka ta yi tafiya iri ɗaya. Matata ta yi shekaru tana kai kwano, kuma har yau ba za ta iya ce maka ga gidan da ya ci dawarmu ba.

Shekara biyu kafin rasuwarta wata munazzama, kamar yadda muke kiran ƙungiyoyin agaji a nan, ta sanar da cewa za ta tallafa wa ƙananan ƙungiyoyin unguwanni. Lokacin ina koyarwa, ina ji da Larabcin ofis, ina ganin duk unguwar ba wanda ya kai ni iya jera magana a takarda. Na yi makonni ina rubutu. Da na gama na tafi gidanta ina taƙama, na same ta a rumfa tana suyar gahawa. Ta saurare ni har na kai shafin ƙarshe, inda aka zana layuka a tsaye da a kwance.

Ta ce, "Ishaƙa, waɗannan akwatunan na mene ne?"

Na ce, "Sunayen masu karɓa ne, Yaya, da lambar takardar kowa."

"Wanda ba shi da takardar fa?"

"Sai a bar wurinsa fari."

Ta sauke kaskon daga wuta ta dube ni. "Halas, magana ta ƙare, mayar musu da kayansu. Kai ka san hannun da za ka miƙa wa, ba ka san hannun da zai karɓa daga gare shi ba. Ni ran da na mutu sunayen nan sun bi ni. Takardarka kuwa tana nan bayan ni da kai."

Na ce mata wannan taurin kai ne da rashin sanin yadda duniya ke tafiya. Ta ce in sha gahawata kafin ta huce. Wata guda ban taka gidanta ba. Tallafin ya tafi wata unguwa, suka sayi injin niƙa, kuma duk ran da muka bi ta wurin tare sai na rage tafiya da gangan don ta ji ƙararsa sosai. Ita kuma ta ce, "Ustaz, in ka gama sauraro mu tafi, rana na yi."

Ta rasu ba ta ga yaƙi ba. Ba ta ga shekarar 2023 ba, da mutanen Hartum suka fara kwararowa, daga baya na Jazira suka biyo su, kowa da katifa a ka da yara a hannu. Da yawansu danginmu ne, 'ya'yan waɗanda suka bar noma suka tafi birni neman aiki. Gidan da ke da mutum shida ya koma ashirin. 'Yarta Halima ce ta gaji ɗakin kwanukan, ta gaji ƙullin ƙyallen, ta gaji har da rufe bakin. Abin da ba ta gada ba shi ne zamanin da cikakkun kwanuka suka fi na wofi yawa. Ta koma raba rabi, daga nan kwata. Wata Juma'a da la'asar ta shigo gidana ta zauna a bakin tabarma ba ta ko cire takalmi ba, ta ce, "Kawu, yau kwano bakwai na mayar yadda suka zo." Sai ta rufe fuska da mayafi.

Daga ranar na shiga neman tallafi gadan-gadan, kuma na gane abin ya wuce yadda na san shi. Wannan ya ce sai takardar rajista. Wancan ya ce sai asusun banki da kwamiti da hatimi. Wani ya buɗe ƙofa kwana goma ya rufe, kafin labari ya iso unguwa irin tamu an gama. Yawancin takardun ma da Turanci suke. Shi ya sa wata sabuwar sana'a ta tsiro a gefen kasuwa: mutane masu kwamfuta a 'yan shaguna, suna rubuta wa ƙungiyoyi takardar neman tallafi, suna cewa sun san wane sun san wance. Wurin ɗaya daga cikinsu aka kai ni. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini shayi, ya karanta abin da na rubuta yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Ya ustaz, labarin kwanon nan ya yi daɗi, amma masu kuɗi ba labari suke saya ba. Sunaye suke so. Kuma waɗanda ba su da takarda, su ne ƙarfinka. Ka yi musu alama a gefe, su aka fi tausaya wa."

Na yarda da shi. Ba zan ce ya yaudare ni ba, domin maganar ta zo daidai da abin da zuciyata ta daɗe tana so, wato in nuna cewa tun farko ni ne da gaskiya. Halima ta yi ta jan ƙafa, tana cewa, "Kawu, Inna fa ta hana." Na ce mata innarta ba ta ga wannan zamani ba. A ƙarshe ta zauna ta jero mini gidajen da kwanonsu ke zuwa wayam, tana bin su yadda suke a jere, daga bakin masallaci har zuwa kwarin da ke ƙarshen unguwa. Ni kuma ina rubutawa da hannuna, ina ɗiga jan biro a gaban duk wanda ba shi da takarda, ko bai taɓa yi ba, ko ya baro ta a gidan da ya gudu daga ciki. Ran nan ne na fara sanin su wa ke jin yunwa a unguwar da aka haife ni. Na kai wa mai shagon, ya ce in saurari waya.

Waya ba ta zo ba. Tallafi bai zo ba. Bayan mako biyar wasu mutum biyu suka shigo unguwa da hantsi, ba kaki a jikinsu, ba su ce ga inda suka fito ba, mu ma ba mu tambaya ba, don yanzu ba a tambaya. Suka yi sallama a gidan Adamu, wani magidanci da ya gudo daga Jazira yake aikin ƙodago a gonakin Fau. Suka sha ruwa, suka gaisa da kowa cikin mutunci, suka ce ya zo ya amsa 'yan tambayoyi ya dawo. Yau kwana ashirin da uku matarsa tana bin ƙofofi da yaro a goye, ko'ina ana ce mata ba nan ba ne. A lokacin yaƙi wanda ba shi da takarda baƙo ne ko da a nan aka yanke cibiyar kakansa, kuma baƙo abin zargi ne.

Da farko na ce wa kaina ƙaddara ce kawai. Mako ya zagayo suka dawo, suka tsallake gida biyu suka shiga na uku. Ina tsaye a ƙofar masallaci lokacin da ɗayansu ya warware takarda yana dubawa. Hoton takarda ne, jan biron ya koma baƙi, amma rubutun hannuna ba zai ɓace mini ba, shekara talatin ina yin sa a allo. Gidaje biyun da suka tsallake su ne marasa ɗigo. Na zauna a dakalin masallaci ban san na zauna ba.

Na garzaya kasuwa na tarar da shagon a kulle. Maƙwabcinsa ya ce ya tafi Gallabat can bakin iyaka, bai san ranar dawowarsa ba. Har yanzu ban san ko sayar da takardar ya yi ba, ko ƙwace ta aka yi, ko kuwa ta bi daga tebur zuwa tebur ne ba da mugun nufin kowa ba har ta faɗa inda ta faɗa. Ba na tsammanin zan taɓa sani. Abin da na sani shi ne sun zo sau huɗu, kullum suna yin gaba zuwa wajen kwari, kuma ba su taɓa kuskuren gida ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da tana nan. Na san ba za ta ce "ai na gaya maka" ba, ba halinta ba ne. Za ta ɗora kasko a wuta ta yi shiru, shirun nan nata da ya fi zagi ciwo. Amma ina kuma tambaya, shin ita za ta iya kallon kwano bakwai suna komawa wayam ta ci gaba da cewa a mayar musu da kayansu? Wallahi ban sani ba. Yunwar gaskiya ce, masu agaji na kirki suna nan, kuma ba na cewa ƙungiyoyin unguwanni su daina nema. Abin da nake roƙon duk mai riƙe da biro irina shi ne ya tsaya a shafin ƙarshe, ya tambayi wa zai riƙe wannan takarda, a ina za ta kwana, wa zai gan ta bayansa. Idan an kasa ba shi amsa, ya ba da adadi ya riƙe sunaye. Ni ban tambaya ba, shayi na sha na yi godiya.

Juma'ar da ta wuce Halima ta aiko in zo. Ta shigar da ni ɗakin da ban taɓa shiga ba tun zamanin uwarta. Kwanuka jere a ƙasa, an kwance su, kowanne cike. Ba na wofi ko ɗaya. Matan unguwa sun gane da kansu cewa kwanon wofi shi ke kai sunan mutum takarda, don haka mai tabarma ta sayar, mai tukunya ta sayar, kowa ta ciko nata. Halima ta jawo wani tsohon kwano mai lamɓa a baki, ta tura yatsa ciki. Dawa ce 'yar shimfiɗa a sama, ƙasanta duk yashi. Na Goggo Ladi ne, tsohuwar da ta yi wa rabin matan unguwa wankan jego, wadda ba ta da kowa sai jikoki biyu da aka kawo mata daga Hartum. Ita ma na ɗiga jan biro a gaban sunanta.

Halima ta ɗauki kwanon. Ta fita bayan ɗaki ta zubar da yashin, ta ɗebo dawa ta cika kwanon, ta rufe da faifai, ta ɗaure ƙyallen da irin ƙullin uwarta. Ina kallon hannunta na ga abin da ya rage na Yaya Zainabu a duniya. Ba ta bar gini ba, ba ta bar injin niƙa ba. Ta bar wannan ƙulli, da 'yar da ta san yashi ta gani amma ba za ta taɓa faɗa wa mai kwanon ba. Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa kabarinki ya fi gidanki na duniya yalwa. Ki yafe wa ƙaninki.

Ina fitowa na ci karo da Goggo Ladi a bakin ƙofa, ta zo ɗaukar kwanonta. Ta kama hannun rigata ta jawo ni ƙasa, don ba ta ji sosai, ta ce, "Ishaƙa, kai ne mai ilimi. Ka gaya wa mutanen nan yanzu ni mai bayarwa ce, a cire ni."

Na ce, "To, Goggo. In sha Allahu."

Ta ɗora kwanon a ka ta nufi wajen kwari, tana tafiyar da Yaya ta koya musu. Na tsaya ina lissafa gidajen da take wucewa. Saura ɗigo ɗaya tsakanin mutanen nan masu takarda da ƙofarta.