Ranar da Muka Kai Oga Mamman Gida

Har na koma ga Allah ba zan manta da ranar da muka ɗauki Oga Mamman daga Kaura zuwa Badarawa ba. Ku yaran yanzu ba ku riske shi ba, hotonsa kawai kuke gani a bangon garejin nan. A hannunsa na koyi riƙon sifana, shi ya yaye ni, wato ya tara mutane ya yi mini addu'a ya ce na isa in buɗe gareji na kaina. Mutum ne mai faɗa, ga tsokana, amma wallahi ban taɓa kwana da yunwa a ƙarƙashinsa ba.

Daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a ce. Jiharmu tana sabuwa, motoci sun yi yawa, kowa aiki ya sha masa kai. A lokacin ne ciwon hanta ya kwantar da Oga. Da aka sallame shi daga asibiti, kowa ya san irin sallamar da aka yi masa. Ya sa aka kira ni, ya ce, "Sanusi, ka kai ni wurin Inna. Ina son ta taɓa ni da hannunta tun ina numfashi." Inna mahaifiyarsa ce, tsohuwa tukuf, idonta ya tafi, ba ta iya zaman mota.

Lawali Zurmi, direban haya da ke bin hanyar Shinkafi, shi ya ce ba wanda zai kai Oga sai shi. Tsohuwar motarsa kuwa Oga ne ya yi shekaru yana raya ta. Muka shimfiɗa masa katifa a baya, muka tashi da hantsi.

Mun yi nisa da gari, gero ya rufe hanya dama da hagu, sai na ga allurar zafi tana hawa. Kafin in buɗe baki tururi ya fara fita ta gefen bonet. Lawali ya gangara gindin wata tsamiya ya kashe mota, yana ta innalillahi. Na leƙa baya, na ga Oga ya jiƙe da gumi, numfashinsa sama-sama. Hanyar shiru, ranar ba ta kasuwa ba ce, babu wata mota da za mu sa ran ta ɗauke shi.

Ni da nake da gareji da yara, ranar ko bonet ban tsaya buɗewa ba. Na ce wa Lawali, "Gasket ne ya ƙone, mun shiga uku." Gasket shi ne abin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, in ya ƙone aikin yini guda ne, kuma ba a bakin hanya ba.

Sai na ji murya daga cikin mota, a hankali. "Wa ya gaya maka? Kai da na yaye, tun ba ka duba ba ka yanke wa mota hukunci? Buɗe ƙofar nan in ji."

Na buɗe masa ƙofa. Yana kwance, idonsa a rufe, ya shiga tambayata kamar ranar da na fara zuwa garejinsa.

"Kada ka taɓa murhin lagireto sai ta huce. Dubi ƙasa, ruwa na zuba?"

Na durƙusa na duba. Ƙasa a bushe.

"Fanbel fa?"

Na danna shi da yatsa, yana nan daram, bai saki ba, bai tsage ba. Fanka ma lafiya lau.

"Zaro sandar mai. Baƙi ne, ko ya koma kamar koko da madara?"

Baƙi ne. Ya tambayi Lawali ko ya ga farin hayaƙi na fita ta salansar mota, ya ce bai gani ba. Oga ya ce, "To gasket ɗinka ya kuɓuta, Sanusi, ka nemi gahwararsa." A cikin wannan hali sai da ya ba ni kunya.

Ya sa na shafa jikin lagireto da tafin hannu, daga sama zuwa ƙasa. Sama zafi kamar tukunya a kan murhu, tsakiya da ƙasa kuwa wuri-wuri da sanyi. Ma'anar wannan ita ce ruwa yana ciki amma ba ya zagayawa, wani abu ya toshe ƙananan bututun da yake bi. Da ta huce na sa tsumma na buɗe murfin. Ruwa cike, sai dai kore ne, da kauri, na tsoma yatsa na ɗago ya biyo ni da yauƙi.

Iska ta kaɗa ta kai warin cikin mota. Oga ya buɗe ido. "Mi nike ji haka? Wa ke miya a dajin ga?"

Lawali ya sunkuyar da kai. Da kyar ya ce jiya ya ga lagireto yana ɗiga kaɗan, ya ji tsoron kada ruwa ya ƙare a hanya Oga ya wahala. Shi ne ya tuna dabarar direbobi ta zuba garin kuka kaɗan don ya liƙe ƙofar. Amma da yake Oga zai ɗauka, sai ya ga kaɗan ba zai isa ba, ya juye abin da matarsa ta ajiye na miya gaba ɗaya.

Na ɗaga murya zan zazzage shi, sai muka ji Oga yana dariya. Dariya sosai, har da tari, hawaye na bin kuncinsa. Ya ce, "Lawali, saura daddawa da tuwo! Ƙyale shi, Sanusi, don ni ya yi." Rabona da jin dariyarsa tun kafin azumi.

Akwai rugar Fulani kusa. Wata dattijuwa da ta ji marar lafiya muka ɗauko, ita da 'ya'yanta mata suka yi ta kawo mana ruwa daga rafi a ƙwarya, har da nono ta kawo wa Oga, ko da yake bai iya sha ba. Na kwance tiyon sama da na ƙasa, muka yi ta ɗura ruwa yana fita kore, har ya koma fari tas. Ɗigon kuwa na shafe shi da sabulu. Oga yana kwance yana cewa, "Ƙara ɗaurayewa, kada ka yi mini aikin gaggawa." Na tayar da mota, allura ta tsaya a tsakiya. Ya saurari inji ɗan lokaci, ya ce, "Ta yi. Mu tai gida."

Ana kiran la'asar muka shiga Badarawa. Aka fito da Inna bakin zaure, muka kwantar da shi a gabanta. Ta lalubo fuskarsa, ta shafa goshinsa da gemunsa, ta ce, "Mamman, ka rame." Ya ce, "Na iso dai, Inna." Ni fita na yi, na tsaya bayan mota na yi kukana. Juma'a ba ta zagayo ba ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shi ya sa kuke ganin ina hana ku kwance inji kafin ku duba ƙasa, ku taɓa fanbel, ku zaro sandar mai, ku shafa lagireto. Kuma ku tambayi direba abin da ya zuba, cikin lalama, domin sau da yawa ɓarnar da ke cikin mota wani ne ya yi ta da kyakkyawar niyya, in kuka daka masa tsawa ba zai faɗa ba.

Ina kewarsa ƙwarai. Lawali ya tsufa, ya bar tuƙi, amma duk sanda ya shigo Kaura sai ya biyo nan mu zauna a kan bencin can. Ranar da aka yi miyar kuka a gidana kuwa, maiɗakina ta riga ta sani, ba ta tambayata abin da ya sa na yi shiru a kan akushi.