Hancin Yaya Bukar

Ni fa ba ni na kai kaina cikin maganar nan ba. Tun farko jawo ni aka yi, yau ma jawo ni aka yi. Matar yayana ce ta tsare ni wai sai na rubuta yadda aka yi, saboda akwai iyaye masu yara irin mijinta. Na ce mata ni da na bar boko a aji uku na sakandare na kama tuƙin keke napep, rubutun da na ƙware a kai shi ne na bayan keke. Ta ce in rubuta haka nan. To ga shi, wanda ya ga kuskure ya je ya same ta.

Wata Laraba ce, saura kwana tara babbar Sallah, shekarar da muke aji biyar na firamare. Ajinmu ɗaya da Yaya Bukar duk da ya ba ni shekara biyu, don ya maimaita. Mun cika ajin kamar bandar kifi a kwali, ga zafi, sai ga sabon malami ya shigo ya yi wanka da wani turare mai hawa kai. Kafin ya gama rubuta kwanan wata a allo, Yaya Bukar ya toshe hanci ya shige ƙarƙashin benci, yana jijjiga jiki yana gurnani. Malam ya ɗauka raini ne, ya kamo kunnensa zai jawo shi. Yaya Bukar kuwa ya gantsara masa cizo a hannu, har jini. Ni aka ba takardar hedimasta in kai gida, na buɗe a hanya na karanta: kada ya dawo sai an nemo masa magani.

Kafin ranar nan, a unguwarmu ta Fezzan da shi ake mana gori. Ba ya kallon idon kowa, in babba na magana kansa na ƙasa, tsofaffi suna ta cewa, "Ku ga yaro mai kunya, ba irin wannan fitsararren Modun ba." Modun ni ne. Ba wanda ya lura ko akuya ba ya kallo a ido. Mu muna langa da ƙwallon tsumma a lungu, shi yana gindin bishiyar dogon yaro yana jera murafan kwalba, ja da ja, kore da kore, in ka taɓa guda ɗaya yinin nan ya lalace. Abincinsa burabusko da miyar kuka, kuma in an jefa daddawa ko kaɗan ne zai ture kwanon tun daga nesa. Babanmu ya rasu ina ƙarami, Mama ce ke riƙe da mu da sana'ar turaren wuta, tsakar gidanmu kullum tabarma cike da itace ana shanya, ga kwalabe, ga kasko. Ni na san wani abu, saboda ni ake aikawa in nemo shi: ranar da Mama ke jiƙa itacen sandal yana zaune kusa da ita lafiya lau, ranar da take suyar farcen turare mai ƙauri kuwa sai dai in zaƙulo shi daga bayan tankin ruwa, ya cusa hanci a riga. Amma wa zai tambayi Modu?

Takarda na isa, maganar ta koma hannun Baffa Mala, yayan babanmu, wanda in ya yi magana a gidan ba a ƙarawa. Ya ce ai dama ya daɗe yana zargi, iska ce, mutanen ɓoye ne. Washegari ya zo da wani mai magani daga can bayan Maisandari, dogo, da jakar fata. Mutumin ya ce hayaƙi za a yi kwana uku bayan la'asar, in abin bai fita ba zai tafi da yaron gidansa. Kowa ya san gidan. Mari ake sa wa mutum a ƙafa, kuma ɗan maƙwabtanmu da aka kai, da ya dawo ko sunansa ba ya amsawa. Mama tana bakin ƙofa ta ce, "Baffan yara, a bari dai..." Ya ce, "Ke kika fi ni son ɗan ƙanina?" Ta koma ciki.

Saboda ni kaɗai Yaya Bukar yake yarda in taɓa shi, ni aka ce in riƙe ƙafafunsa. Aka zaunar da shi a ɗakin zaure, aka ajiye kasko da garwashi a gabansa, mai magani ya barbaɗa garinsa, aka lulluɓe shi da bargo har ƙasa. Ni da ba na cikin bargon sai da idona ya yi ruwa. Shi kuwa ihun da ya yi, har yau in na tuna sai in sauka daga titi in kashe keke. Yana shure-shure yana buga kai, mai magani yana cewa, "Kun ji ko? Ba shi ba ne, su ne suke ƙonewa." Rana ta biyu ya yi amai, ya daina cin abinci, ya daina ko kallon murafansa. Na ga Baffa ya sa an wanke masa kaya kala biyu an ƙulle a leda. Nan na gane tafiya za a yi da shi.

Rana ta uku mai magani ya rataye jakarsa a zaure ya bi Baffa masallaci sallar la'asar. Ni dama sata ba baƙuwata ba ce, amma ta ƙosai da rake. Na kwance ƙullin garin, na juye a kwata, na shiga ɗakin Mama na ɗebo garin sandal daga kwalba mai jan murfi, na haɗa da ɗan toka don launi ya zo ɗaya, na ƙulle na mayar. Da suka dawo aka kawo garwashi, aka barbaɗa, aka rufa bargo, na riƙe ƙafa ina jiran asirina ya tonu. Ƙafar ta yi tauri kamar icce. Can sai na ji ta saki. Ba ihu, ba shure-shure. Mai magani ya ɗan shinshina, ya kalli jakarsa, ya kalli Baffa, da yake ɗan duniya ne sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdulillahi, sun fita!"

Da a nan aka tsaya da na sha. Amma Yaya Bukar bai iya ƙarya ba, bai kuma san lokacin yin shiru ba. Ana yaye bargo ya ce, idonsa a ƙasa, "Wannan sandal ɗin Mama ne, na jan murfi, da toka. Na jiya barkono ne da gashin akuya da roba." Baffa ya juyo ya kalle ni, ya fara zare takalmi. Mai magani ya ce an ɓata aiki, an yi wa mutanen ɓoye wasa, yanzu dole a tafi da yaron yau ɗin nan. Har ya kama hannunsa.

Sai ga Mama ta shigo zauren, abin da ba ta taɓa yi ba in akwai maza. Ashe tun da hayaƙin ranar ya fara tashi ta gane kayanta, ta rufa mini asiri. Ta zo da kwalaben turarenta biyar a faranti, ta ce Yaya Bukar ya rufe ido. Tana buɗewa yana faɗa: hawi, kajiji, wannan an sa masa suga da yawa, wannan na bara ne ya fara tsufa. Duk daidai. Ta ce, "Baffan yara, ni na haɗa su, ni kaina sai na duba murfi. Yaron nan hancinsa ne ke jin abin da namu ba ya ji, mu kuma muka rufe shi da barkono. In za a tafi da shi, a haɗa da ni." Ta zauna a bakin ƙofa. Mai magani ya ɗauki jakarsa. Ni dai na sha takalmi, ban tsira ba.

Bayan Sallah Mama ta je wajen hedimasta da kanta, aka mayar da shi benci na bakin taga. A haka ya gama firamare, ya gama sakandare, ni na gudu na bar shi. Ya shiga karatun difloma, shekara ɗaya ya bari, ɗakin lacca ya fi ƙarfinsa da hayaniya da warin jama'a. Sai da ya girma wata likita ta ce sunan abin otizim, kuma ba fita yake ba, zama ake koya da shi. Yanzu shi ke haɗa turare a ɗakinsa na bayan gida, shi kaɗai, taga a buɗe, matarsa ke magana da masu saye, ni ke kai kaya. Har yau ba ya shiga kasuwa, har yau ba daddawa. Mama ta rasu, an sare dogon yaron an yi shago, amma kwalbar nan mai jan murfi tana kan tebur ɗinsa, ba komai a ciki, wani lokaci yakan buɗe ya shinshina. Ni ban taɓa jin komai ba. Shi ya ce Mama tana nan.

Sallar da ta wuce Baffa, ya tsufa amma bakin na nan, ya tayar da zancen a gaban baƙi, wai hayaƙin kwana biyun farko ne ya kori aljanin, shi ya sa yaron ya zama mutum. Na ce sandal ne, ya ce ƙarya nake, muka yi ta yi. Yaya Bukar yana gefe yana jera kofunan shayi, bai ɗago ba ya ce, "Baffa, ba wanda ya fita daga jikina. Ni kaɗai kuka rufe a bargon, ni kaɗai na fito."

Baffa ya nemi a miƙo masa ruwa.