Daga Inda Matar Banki Ta Faɗi

Ƙarfe shida da rabi na safe, duk wanda ya bi ta gaban babban cocin garin Jinotega zai ga Doña Herminia Zeledón tana gangarowa da laima a hamata, ko da hadari ko babu. Takan tsaya wurin mai kofi ta sha baƙi ba sukari, ta yi masa ƙorafin ya cika ruwa, washegari kuma ta dawo. Bakwai da kwata tana kan teburinta a bankin haɗin gwiwar manoman kofi, can ƙurya kusa da ƙofar banɗaki. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Teburin nan ba mai ƙaunarsa, don teburin buɗe wa ɗalibai da matasa asusu ne, masu zuwa da 'yan kuɗinsu, kordoba ɗari biyu, a ƙulle cikin leda da tambayoyi cike da baki. Manyan dillalan kofi ciki ake shiga da su a ba su kujera mai laushi, 'ya'yanmu kuwa wurinta ake turawa. Kafin ta ba mutum fom sai ya sa hannu sau ashirin a farar takarda.

"Wannan sa hannu ne ko kaza ce ta yi tono? Sake!" In ta miƙa katin cirar kuɗi kuma sai ta riƙe gefensa ta ce, "Ba a ba saurayi, ba a ba budurwa, ko da kuka aka zo maka. Lambar sirri kuma kada ka sa ranar haihuwarka, duk unguwarku sun ci kek ɗin."

Da mun tsaya a nan ma ta ci jinjina. Amma akwai labarin Yaoska Rizo.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wata Laraba, Yaoska ta sauko daga ƙauyensu na kan duwatsu. Ta samu tallafin karatun jinya a birnin León, da sharaɗin ta kai lambar asusu mai sunanta kafin sha biyun ranar Juma'a, in ba haka ba a ba na bayanta.

"Ina takardar kuɗin wuta, 'yata?" in ji Doña Herminia.

"Doña, ai mu ba mu da wuta."

"Ta ruwa fa?"

"Rafi ba ya ba da rasit, Doña."

"To, bakin nan naki zai kai ki León. Ina gidan yake?"

"Daga inda rimi yake a da, taku ɗari uku sama, gida mai jar ƙofa."

A wurinmu wannan cikakken adireshi ne, da irinsa wasiƙa take isa, da irinsa ake kiran ungozoma. Sai dai fom ɗin a Managua, babban birnin ƙasa, aka tsara shi, wurin mutanen da suke tsammanin kowane gida da mitar wuta aka gina shi. Manaja, Don Efraín Blandón, ya ɗaga kafaɗa ya ce doka ce, shi ba ruwansa. Doña Herminia ta jawo littafin dokokin ta buɗe masa wani shafi da ba wanda ya taɓa waiwaya. Shafin ya ce ma'aikaci yana iya zuwa ya ga gidan da idonsa ya sa hannu, muddin adireshin da aka rubuta ne ya kai shi, ba mai neman asusun ba. In ta zama ƙarya, a bakin aikinsa.

"Herminia, banki ba zai biya kuɗin mota ba fa."

"Na roƙe ka?"

"Kuma a hutunki zan cire ranar."

"Cire biyu, Don Efraín, ka riƙe canji."

Ranar Alhamis ta bar Yaoska a gari wurin gwaggon yarinyar, ta hau bas mai kaji da buhunan wake, tafiyar awa uku. Da ta sauka ta tambayi wani tsoho inda rimi yake a da. Ya tura hularsa baya ya ce, "Wanne, baiwar Allah? Wanda tsawa ta faɗa wa, ko wanda guguwa ta kayar?" Ta zaɓi na tsawa, ta hau taku ɗari uku tana haki, ta tarar da garken shanu. Ta sauko ta nufi na guguwa, sai ruwa ya tsuge. Ana tsakiyar hawa ƙafarta ta zame, ta yi zaman dirshan cikin taɓo, gwiwa ta bugi dutse, takalmi ɗaya ya bi ruwa. Matan da ke tsinkar kofi a wurin sun rantse hannunta yana sama riƙe da ledar fom, ba ta yarda ya taɓa ƙasa ba. Suka yi dariyarsu ta ishe su, sannan suka ɗaga ta suka nuna mata jar ƙofa.

Mahaifiyar Yaoska ta ɗaure mata gwiwa, ta ba ta tortilla, wainar masara, mai zafi da cuku da kofi, ta ara mata takalmin roba. Da shi ta shigo banki ranar Juma'a tana ɗingishi, taswirar gidan a zane a bayan fom. Sha ɗaya saura aka buga lambar asusu aka aika. Yaoska ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka.

"Ke, ɗaga min takarda," in ji Doña Herminia. "Jiya da ƙyar na hana ruwan sama jiƙa ta."

Ke ce, Doña Herminia, kika nuna mana gani ya kori ji ko a banki. Ke ce mai laima, uwar marasa mita. Tun daga ranar nan ba a sake mayar da ɗan ƙauye gida don gidansu babu wuta ba, domin kin ci gaba da hawa bas da gwiwar da har yau take gaya miki za a yi ruwa. Ba a ƙara miki girma ba, ba a matsar da teburinki daga bakin banɗaki ba, kuma wannan yana ba mu haushi. Yaoska kuwa yau ita ce nas a ƙaramin asibitin yankinsu, ita take duba jariransu.

Makon jiya wani saurayi mai suna Otoniel ya sauko daga ƙauyen nan zai buɗe asusunsa na farko. Bayan ya sha wuyar sa hannu, ta tambaye shi adireshi.

"Daga inda matar banki ta faɗi, taku hamsin ƙasa."

Biron ya tsaya a hannunta. "Wace matar banki?"

"Oho, Doña, tun ina ƙarami haka ake cewa. An ce wata mafaɗaciya ce, ita ta buɗe wa nas ɗinmu asusu."

Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa da gefen riga. Da ta mayar da shi ta ce, "Zamewa ta yi, ba faɗuwa ba." Sannan ta rubuta adireshin kamar yadda ya faɗa.

A ƙasar nan da coci ake kwatance, da manyan itatuwa, da gidajen attajiran da suka daɗe da mutuwa. Ke kin samu naki kina raye, kuma ba saya kika yi ba. Mun gode, Doña Herminia, Allah ya huta gajiya, ya sassauta gwiwa. Ku kuma da za ku gaji teburin nan, in yaro ya ce gidansu babu mita, kada ku rufe fom. Ku tambaye shi wanne rimin, ku ɗauki takalmin roba.